E ko a'a kawai: me ya rage wa majalisa idan an gama ƙulla yarjejeniyar ciniki a ɓoye?

Malam Sabi'u:
Salamu alaikum jama'a. Ga batun da nake so mu baje a faifai. A yawancin ƙasashe ɓangaren zartarwa ne ke zama da wasu ƙasashe a kan ciniki, a rufe ƙofa a yi shekaru ana ja-in-ja, daga ƙarshe a ɗauko kundi mai shafi dubbai a dire wa majalisa a ce ta amince ko ta ƙi, babu gyara. TPP, yarjejeniyar cinikin ƙasashen gaɓar tekun Pasifik, ce aka fi sani a wannan fanni: ƙasashe 12, babi 30, an kammala ta a Atlanta ranar 5 ga Oktoba 2015, amma jama'a ba su ga cikakken rubutun ba sai 5 ga Nuwamba. Kafin nan, cikin ɗan abin da aka sani akwai wanda shafin tona asiri na WikiLeaks ya kwarmata, babin haƙƙin mallakar fasaha a Nuwamba 2013, na zuba jari a Maris 2015. Shin wannan sirrin dole ne ga aikin, ko dabara ce ta zagaye majalisa? In kuma dole ne, a wace gaɓa ya kamata 'yan majalisa su shigo?

Baba Iliya:
Wa alaikumus salam Malam Sabi'u. Bari in tsaya wa ɓangaren da na san za a yi wa taron dangi. Sirrin yana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda ake aikin kansa.

Ana tattaunawa ne zagaye-zagaye. Kowace ƙasa ta kawo tayinta: kaya kaza zan cire wa kuɗin fito nan take, kaza cikin shekara goma, kaza ba zan taɓa ba. A rubutun dokokin kuwa, duk jimlar da ba a daidaita ba sai a sa ta cikin baka biyu, a rubuta sunayen ƙasashen da suka kawo ta da waɗanda suka ƙi. Ƙa'idar da ake bi ita ce ba a gama komai ba sai an gama duka. Wato za ka iya sassautawa a kan madara a zagaye na shida don kana jiran a biya ka da motoci a zagaye na goma sha biyu. In aka buga daftarin zagaye na shida a jarida, masu kiwo za su ga asararsu, ba wanda zai ga ribar da ba ta iso ba tukuna, kuma ministan ba zai iya fitowa ya ce jira nake ba, don ɗaya ɓangaren na saurare. Mai saye ba ya faɗa wa mai sayarwa iyakar abin da ke aljihunsa.

Batun hana gyara ma ba daga sama ya faɗo ba. A 1930 majalisar Amurka ta rubuta kuɗin fito da kanta, dokar Smoot-Hawley, kowane ɗan majalisa ya cusa kariyar kayan mazaɓarsa, kaya fiye da 20,000 suka samu ƙari, sauran ƙasashe suka rama. A 1934 majalisar da kanta ta miƙa wa shugaban ƙasa ikon rage kuɗin fito ta hanyar yarjejeniya. Sannan bayan zagayen Kennedy da aka gama a 1967, majalisar ta ƙi aiwatar da wasu alkawuran da wakilan Amurka suka ɗauka. Wace ƙasa za ta sake ba ka tayinta na ƙarshe alhali ta san 'yan majalisa 535 za su sake buɗe cinikin?

Barista Hauwa:
Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarku ta kare takarda ɗaya ce cikin huɗu, sai aka lulluɓe sauran ukun da ita.

Akwai umarnin da gwamnati ke bai wa wakilanta kafin a fara. Akwai rubutun da ƙasa ta riga ta miƙa wa abokan cinikinta. Akwai haɗaɗɗen daftari mai baka biyu. Sai kuma iyakar da wakili zai iya sauka, wadda ko a cikin tawaga ba kowa ke saninta ba. Wannan ta ƙarshe na yarda a ɓoye. Amma rubutun da ka riga ka miƙa wa ƙasashe goma sha ɗaya, wa kake ɓoye wa? Abokin cinikin ya karanta, ya ma sa hannu ya gyara. Mutanen gida ne kaɗai ba su gani ba.

Kuma ku dubi sharaɗin da ƙasashen TPP suka yi a tsakaninsu: takardun tattaunawa za su ci gaba da zama sirri har shekara huɗu bayan yarjejeniyar ta fara aiki, ko bayan zagayen ƙarshe in ta watse. A lokacin an tashi daga teburi, babu sauran tayin da za a kare. Abin da ya rage a kare shi ne sanin wanda ya nemi wane sakin layi.

Na uku, sirrin bai hau kan kowa daidai ba. Dokar ciniki ta Amurka ta 1974 ta kafa kwamitocin ba da shawara, mutum wajen 600 da aka tantance, mafi yawansu daga kamfanoni da ƙungiyoyin masana'antu, kuma suna ganin rubutun da Amurka ke shirin gabatarwa. Lauyan kamfanin magani yana iya cewa a canza kalma a sakin layi, ɗan majalisa kuwa sai ya nemi izini kafin ya karanta.

Zainab:
Ƙari kan na Barista, ya kamata a san yadda karatun kansa yake, don in an ce an bai wa 'yan majalisa dama sai mutum ya ɗauka kwafi aka aika musu ofis. A Washington ɗaki ne na musamman, ɗan majalisa ya bar wayarsa a waje, ya karanta, abin da ya rubuta ba zai fita da shi ba, kuma ba zai tattauna abin da ya gani a bainar jama'a ba. Ma'aikacinsa ma sai wanda aka tantance ta fuskar tsaro. A Jamus an buɗe irin wannan ɗaki don TTIP, yarjejeniyar cinikin da Amurka da Tarayyar Turai ke tattaunawa a lokacin, a Fabrairu 2016 a ma'aikatar tattalin arziki: lokaci ƙayyadadde, rubutu da Ingilishin lauyoyi, babu waya, babu shiga da masani.

Matsalar a nan ba ta ladabi ba ce, ta aiki ce. Babin yarjejeniya ba ya karantuwa shi kaɗai. Jimla ɗaya za ta tura ka zuwa sashe na kaza a TRIPS, yarjejeniyar duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, wata ta tura ka rataye na biyu, wato jerin da ake haɗawa a ƙarshen kundin, ma'anar kalma tana babi na ɗaya. Mutumin da ya shiga shi kaɗai da fensir na awa biyu zai fito ya ce ya gani, amma bai bincika ba. Gwamnati kuma ta samu abin faɗa: ai mun nuna musu.

Mu'azu:
To in haka ne majalisar 'yan amshi ce kenan. Me ya sa ma ake ɓata lokacin kaɗa ƙuri'a?

Dakta Lawan:
A'a Mu'azu, kada ka yi saurin yanke hukunci. Bari in shimfiɗa agogon hanyar gaggawa ta Amurka yadda dokar 2015 ta tsara, don a ga inda ƙofofin suke.

Tsarin mulkinsu ya bai wa majalisa ikon tsara ciniki da ƙasashen waje, saboda haka shugaban ƙasa aro yake yi. Majalisa ta rubuta masa manufofin da zai nema a cikin dokar. Sai ya sanar da ita kwana 90 kafin ya fara tattaunawa, ya sake sanar da ita kwana 90 kafin ya rattaba hannu, kuma a buga rubutun ga jama'a kwana 60 kafin sa hannun. Bayan sa hannu yana da kwana 60 ya kawo jerin dokokin cikin gida da za a canza, hukumar cinikin ƙasa da ƙasa tasu kuma tana da kwana 105 ta fitar da ƙiyasin tasiri kan tattalin arziki. Daga ranar da aka shigar da ƙudurin aiwatarwa, agogo na kwanakin zama 90 ya fara: 45 a kwamitin majalisar wakilai, 15 a zaurenta, 15 a kwamitin dattawa, 15 a zaurensu. Muhawara awa 20 a kowane zaure, babu kwaskwarima, rinjaye mai sauƙi ya isa. Ba a bi ta hanyar kashi biyu cikin uku na dattawa da tsarin mulki ya tanada wa manyan yarjejeniyoyi.

Inda ƙarfin yake shi ne kafin a danna agogon. Kwamitocin biyu kan yi zaman gwaji a kan daftarin ƙudurin tun ba a shigar da shi ba, su faɗi gyaran da suke so. Ba dole ba ne shugaba ya karɓa, amma ya san su zai roƙa ƙuri'a.

Sannan hanyar gaggawar dokar zaure ce, zauren na iya janye ta. A Afrilu 2008 Shugaba Bush ya aika da yarjejeniyar Kolombiya ba tare da yardar shugabannin majalisar wakilai ba, Nancy Pelosi, shugabar majalisar a lokacin, ta sa aka kaɗa ƙuri'a aka dakatar da agogon. Ba ta wuce ba sai Oktoba 2011. USMCA, yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko, ta fi wannan nuna abin: an sa hannu 30 ga Nuwamba 2018, 'yan Democrat a majalisar wakilai suka ce ba ƙuri'a sai an gyara, aka koma wa Kanada da Meziko, aka yi gyara a Disamba 2019. An cire kariyar shekara goma ga wasu magunguna masu tsada, an ƙara hanyar gaggauta binciken masana'antar da ta danne 'yancin ma'aikata. Ta wuce da 385 da 41. TPP kuwa ko zauren ba ta kai ba, don an ƙirga an ga babu ƙuri'un, kafin Trump ya fice a Janairu 2017.

Mu'azu:
Wato ba ranar ƙuri'a ake yaƙin ba.

Dakta Lawan:
Ranar ƙuri'a bakin alƙalami ya bushe. Ko dokar ba da ikon ta 2015 da ƙyar ta sha, 218 da 208 a majalisar wakilai, don kowa ya san a nan ne ake sayar da hannu. Ta ƙare 1 ga Yuli 2021.

Barista Hauwa:
Turai ta bi ta wata hanya daban. Yarjejeniyar Lisbon da ta fara aiki a Disamba 2009 ta ce sai majalisar Turai ta yarda kafin a ƙulla yarjejeniyar ciniki, kuma sashe na 218 ya ce a riƙa sanar da ita nan take, cikakke, a kowane mataki. Da farko ba a ɗauki wannan da muhimmanci ba. ACTA, wadda ta shafi jabun kaya da haƙƙin mallaka a intanet, an tattauna ta a rufe, an sa hannu a Tokyo a Janairu 2012, zanga-zanga ta ɓarke daga Foland zuwa Jamus. Ranar 4 ga Yuli 2012 majalisar ta yi fatali da ita: 478 suka ƙi, 39 suka yarda, 165 suka ƙaurace.

Abin lura, rubutun ƙarshe na ACTA ya fi daftarorin farko sassauci. Amma jama'a daftarorin da aka kwarmata suka sani, kuma babu wanda ya yarda da gwamnatin da ta yi shekaru tana cewa ba abin dubawa. Baba, ga inda sirrin ya ci wanda ya yi shi.

Shi ya sa a TTIP aka canza salo, ko da yake sai da aka matsa. An buga umarnin tattaunawa a Oktoba 2014, fiye da shekara bayan an fara, kuma kowa ya riga ya karanta wanda ya fita ta bayan fage. Daga Janairu 2015 hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta fara buga rubutun da take miƙa wa Amurka. Tun 2017 tana buga daftarin umarni tun kafin a fara. Kuma ba a daina ciniki da Turai ba, an gama da Japan, an gama da Singafo da Biyetnam.

Baba Iliya:
Na ji, Barista, na kuma karɓi batun rubutun da aka riga aka miƙa. Amma ki faɗi ɗaya gefen. A Oktoba 2016 majalisar Walloniya, yankin Beljiyam mai mutum miliyan uku da rabi, ta tsayar da sa hannu kan CETA, yarjejeniyar Kanada da Tarayyar mai mutum fiye da miliyan 500 a lokacin, bayan an shafe shekaru ana aikinta. Ministar cinikin Kanada ta fice daga zaman, an ɗage taron ƙoli. Wannan sa ido ne ko garkuwa da yarjejeniya? In kowace majalisa na da wuƙa a hannu, ƙaramar ƙasa ma ba za ta samu mai zama da ita ba.

Zainab:
Baba, majalisar Walloniya na cikin 'yan ƙalilan da suka zauna suka yi ta sauraron masana a kan rubutun tun kafin lokacin, kuma ta bayyana matsayinta watanni kafin ranar sa hannu. Ba a kula ba ne sai da aski ya zo gaban goshi. Abin da ta samu kuma ba ƙarami ba ne: takardar fassara ta haɗin gwiwa, da alkawarin cewa Beljiyam za ta kai batun kotun masu zuba jari gaban kotun Turai, wadda ta yanke a 2019 cewa tsarin bai saɓa doka ba.

Amma abin da ya biyo baya ya fi damuna. A Mayu 2017 kotun Turai ta ba da ra'ayi kan yarjejeniyar Singafo cewa kusan komai ikon Tarayya ne, ban da wani nau'in zuba jari da shari'ar masu zuba jari da gwamnati. Sai aka koyi raba kundi biyu: na ciniki ya wuce ta majalisar Turai kaɗai, na kare jari ya bi majalisun ƙasashe. Ga kuma aiwatarwa ta wucin gadi. Mafi yawan CETA na aiki tun 21 ga Satumba 2017 alhali wasu ƙasashe ba su tabbatar da ita ba. Majalisar dattawan Faransa ta ƙi ta a Maris 2024, kaya ba su daina shiga a kan sabon kuɗin fito ba. In abu ya yi shekaru yana aiki, kamfanoni sun zuba kuɗi a kansa, ƙuri'ar ƙi ta zama ihu bayan hari.

Malam Sabi'u:
Ku bari in sako Birtaniya, don ita ce darasin majalisar da ke da iko a takarda. Dokar 2010 ta ce a ajiye yarjejeniya a gaban majalisa na kwanakin zama 21 kafin a tabbatar. In majalisar wakilai ta yi ƙudurin ƙi, gwamnati ta yi bayani, a sake ƙirga 21, kuma ana iya maimaitawa ba iyaka. Sai dai dokar ba ta tilasta a yi muhawara ko ƙuri'a ba, kuma gwamnati ce ke riƙe da jadawalin zaure. Shiru amincewa ne. Yarjejeniyarsu da Ostareliya, ta farko da suka ƙulla daga tushe bayan ficewa daga Tarayyar Turai, kwanakinta 21 sun ƙare a Yuli 2022 ba a ba ta lokacin muhawara a zauren wakilai ba. A Nuwamba na shekarar George Eustice, wanda shi ne ministan noma lokacin da aka ƙulla ta, ya tashi a majalisa ya ce cinikin bai yi wa Birtaniya kyau ba.

Yarjejeniyarsu da Tarayyar Turai kuwa, mai shafi sama da 1,200, an gama ta 24 ga Disamba 2020, majalisa ta zartar da dokar aiwatarwa ranar 30 ga wata, a yini ɗaya.

Mu'azu:
Barista, tambaya. A ƙasar da yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka, ai majalisar na da mafita. Ta ƙi kawai, shi ke nan.

Barista Hauwa:
Nan ne mutane da yawa ke zamewa, Malam Mu'azu. Doka biyu ce ke aiki a lokaci guda. Ɗauki Najeriya: sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka sai gwargwadon yadda majalisar tarayya ta zartar da ita, in kuma ta taɓa abin da ba ya cikin jerin ikon tarayya kaɗai, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Amma sashen bai ce komai ba kan tattaunawa, sa hannu ko tabbatarwa. AfCFTA, yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, Najeriya ta sa mata hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019, majalisar zartarwa ce ta amince da tabbatarwa a Nuwamba 2020, aka miƙa takarda a Disamba.

Da zarar an miƙa wannan takarda ƙasa ta ɗauru a waje. Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi, sashe na 27, ta ce ba za ka kafa hujja da dokar gidanka don ka ƙi cika alkawari ba. Sashe na 46 ya bar 'yar ƙofa, in an karya wata babbar ƙa'idar tsarin mulki a fili ƙarara, amma da wuya a ci shari'a da ita. Ko sa hannu kaɗai, sashe na 18 ya hana ka yin abin da zai rusa manufar yarjejeniyar. Saboda haka majalisar da ta ƙi mayar da ita doka ba ta kuɓutar da ƙasa ba, ta dai bar ta tsakanin alƙalin gida da ke cewa babu doka da alƙalan waje da ke cewa a biya diyya ko a sha ramuwar kuɗin fito.

Wasu sun toshe wannan giɓi. Sashe na 75 na tsarin mulkin Gana ya ce sai majalisa ta tabbatar. Sashe na 53 na Faransa ya ambaci yarjejeniyar ciniki da suna cikin waɗanda sai da doka ake tabbatarwa. Kenya ta yi dokar musamman a 2012 mai neman a kai wa majalisa takardar bayani kan nauyin da za a ɗauka da kuɗin da zai ci, a kuma ji ta bakin jama'a. Afirka ta Kudu, sashe na 231, sai zaurukan biyu sun amince, ban da yarjejeniyar fasaha ko ta gudanarwa wadda ajiyewa kawai ake yi. Ku lura da wannan togaciya, don ta nan ake zillewa. Yarjejeniyar nukiliya da Rasha ta 2014 ta wannan ƙaramar ƙofa aka shigar da ita, sai da babbar kotu a Cape Town ta soke matakin a Afrilu 2017.

Dakta Lawan:
Tunda an zo nan, a ce an bai wa kwamiti rubutun da lokaci. Ina zai fara dubawa? Ba gabatarwa ba, ba babin farko mai daɗin baki ba.

Ya fara da rataye. A fannin ayyuka irin su banki, sufuri da sadarwa, salo biyu ne. Ko dai ka lissafa abin da ka buɗe, sauran a rufe, kamar yadda ake yi a ƙungiyar ciniki ta duniya. Ko ka lissafa abin da ka rufe, duk abin da ba ka ambata ba a buɗe yake, har da sana'ar da ba a ƙirƙiro ba tukuna. TPP da CETA salo na biyu suka bi. Ma'aikatar da ta manta ta rubuta wata doka tata a ratayen ta rasa ta. Yawanci kuma akwai sharaɗin ba komawa baya: in ka sassauta wata doka da kanka daga baya, sabon matakin ya zama iyaka, majalisa mai zuwa ba za ta iya mayar da tsohuwar ba.

Sai dokokin asalin kaya. Cire kuɗin fito ba ya nufin komai sai ka san wane kaya ne ake ɗauka na ƙasar. A NAFTA, wadda USMCA ta maye gurbinta, mota sai ta kai kashi 62.5 cikin ɗari na kayan yankin, a TPP aka sauko zuwa 45, a USMCA aka hau 75. Lamba ɗaya a rataye ce ke yanke inda za a gina masana'anta. A AfCFTA an amince da cire kuɗin fito kan kashi 90 na layukan kaya, 7 masu rauni a ba su ƙarin lokaci, 3 a ware, amma dokokin asalin tufafi da motoci ne suka daɗe suna jan ƙafa. Kwamiti ya tambaya: wa ya zaɓi abin da ya shiga kashi 3 ɗin, da wane ma'auni? Don kashin layuka ba kashin kuɗi ba ne, layuka kaɗan na iya ɗauke da mafi yawan kuɗin shigar kwastan.

Sai ƙofar fita. Yarjejeniyar makamashi ta 1994 tana ci gaba da kare jarin da aka riga aka zuba har shekara 20 bayan ƙasa ta fice. Italiya ta fita a 2016, wani kamfanin mai ya maka ta a 2017. Sai sharaɗin fifiko daidai da kowa: abin da ka ba wata ƙasa a wata yarjejeniya daban na iya shigowa wannan ta bayan gida. Akwai kuma tsofaffin yarjejeniyoyin jari: kamfanin sigari na Philip Morris ya kai Ostareliya ƙara kan dokar kwalin sigari ta hanyar tsohuwar yarjejeniyar jari da Hong Kong ta 1993. An kori ƙarar a Disamba 2015, amma bayan shekara huɗu ana biyan lauyoyi.

Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: kwamitin haɗin gwiwa da yarjejeniyar ke kafawa. In an ba shi ikon gyara rataye ko fassara sashe, to majalisa ta kaɗa ƙuri'a sau ɗaya kan abin da zai ci gaba da canzawa ba tare da ya dawo gabanta ba.

Zainab:
Dakta, a ƙara da tsaftace rubutu da lauyoyi ke yi bayan an ce an kammala. Ana ɗauka gyaran waƙafi ne. A CETA a wannan mataki ne aka sauya tsarin shari'ar masu zuba jari gaba ɗaya, aka sanar a Fabrairu 2016. Ko da mutum na ganin sauyin alheri ne, ya nuna rubutun da kwamiti ya karanta a bara ba lallai shi ne wanda za a sa wa hannu ba. A nemi kwafi mai nuna duk abin da aka canza. Haka wasiƙun gefe da ƙasashe biyu ke musanyawa ranar sa hannu, a nemi a kawo su tare.

Baba Iliya:
Duk na ji, kuma ba na musun ko ɗaya. Amma ga abin da ƙwarewarku ba ta warware ba. Duk sanda aka matsa wa gwamnati a babbar ƙofa, sai ta canza wa abin suna. Yarjejeniyar Amurka da Japan ta 2019 ba a kai ta majalisa don ƙuri'a ba, an ce ƙarama ce, tana cikin ikon da aka riga aka bayar. Tsarin tattalin arziki na Indo-Pasifik da Amurka ta ƙaddamar a 2022 an ce ba ya taɓa kuɗin fito, don haka babu buƙata. A ta Amurka da Taiwan sai da majalisar Amurka ta yi doka a 2023 ta amince da abin da ba a nemi amincewarta ba, don kawai kada ya zama al'ada. Yau takardar fahimtar juna da sanarwar haɗin gwiwa sun yi yawa. Haka in kun tilasta a buga kowane daftari, ainihin cinikin zai koma waya tsakanin ministoci biyu, takarda ta zo daga baya.

Barista Hauwa:
Shi ya sa doka ba za ta dogara da sunan takarda ba, Baba. A rubuta ma'auni da abin da takardar ke yi: in ta canza kuɗin fito, ko ta ɗora wa baitulmali nauyi, ko ta bukaci a canza doka ko a daina canza ta, ko ta ba wani damar kai ƙasa ƙara a waje, to sai ta zo majalisa, ko me aka kira ta. Kuma kada mai sa hannu ya zama shi ne mai yanke rukunin da ta faɗa.

Batun waya kuwa, ba na neman a buga kowane daftari. Majalisa ta yi muhawara ta kaɗa ƙuri'a kan umarnin tattaunawa kafin a fara. Kwamiti ƙarami mai 'yan adawa a ciki ya ga haɗaɗɗen daftari bayan kowane zagaye, tare da ma'aikatansa da aka rantsar. Rubutun da aka miƙa wa ɗaya ɓangaren a buga shi. Cikakken rubutu ya fito kafin sa hannu, ba bayansa ba. Kuma ƙuri'a ta zama dole, ba aiwatarwar wucin gadi kafin ta.

Malam Sabi'u:
Ostareliya na da kwamitin yarjejeniyoyi na dindindin tun 1996, kowace yarjejeniya na zuwa da takardar nazarin amfanin ƙasa. Ƙorafin da ake yi shi ne ma'aikatar da ta yi cinikin ita ce ke rubuta nazarin, kuma yana zuwa bayan sa hannu.

Dakta Lawan:
Wannan ne raunin jerin Barista ma in ba a sa kuɗi ba. Ƙiyasin tasiri ya dogara da zaton da aka cusa wa lissafin. Yawancin irin waɗannan lissafi suna ɗauka cewa duk wanda ya rasa aiki a wata masana'anta zai samu a wata, don haka rashin aiki ba ya fitowa a sakamakon tun daga tushe. Suna kuma ɗauka cewa 'yan kasuwa za su yi amfani da rangwamen gaba ɗaya, alhali da yawa kan biya tsohon kuɗin fito don takardun shaidar asalin kaya sun fi rangwamen tsada. Kwamitin da ba shi da masanin tattalin arziki da lauyan ciniki nasa na kansa ba zai san ya tambayi waɗannan ba. Ya nemi a ba shi zaton da aka yi amfani da shi da alƙaluman kwastan layi-layi, ya ba ofishin kasafin majalisa ko wata jami'a su sake lissafin, sannan a rubuta a dokar aiwatarwa cewa bayan shekara biyar gwamnati za ta dawo da alƙaluman abin da ya faru a zahiri a ajiye kusa da abin da ta yi alkawari.

Mu'azu:
In an dawo bayan shekara biyar ɗin aka ga lissafin bai fito ba fa, wa ke da ikon fitar da ƙasa, majalisa ko shugaba?

Barista Hauwa:
Yawancin kundin tsarin mulki sun yi shiru a kan wannan. Babbar kotu a Afirka ta Kudu ta yanke a Fabrairu 2017, a batun ficewa daga kotun manyan laifuka ta duniya, cewa abin da majalisa ta amince aka shiga sai da yardarta za a fita. Kotun ƙolin Birtaniya ta ce sai da dokar majalisa kafin a fara ficewa daga Tarayyar Turai, a Janairu 2017. A Amurka, lokacin da Trump ya yi barazanar ficewa daga NAFTA da sanarwar wata shida, lauyoyi sun rabu biyu kan ko yana da ikon, kuma ba a kai ga kotu ba. Wanda ke rubuta dokar aiwatarwa ya sa sashen fita a ciki tun ranar farko, ya faɗi wa zai ba da sanarwa da kuma ƙuri'ar da ake buƙata.